Sawu Biyu a Kan Kwali

Ranar Litinin da safe Faridatu ta je garejinta da ke bayan layin gidajensu a unguwar Barking ta Landan, ta tarar an yanke kwaɗo. Ta ɗaga ƙofa, babur babu. Sai shatin tayoyinsa a kan siminti, da bargon da take lulluɓe shi da shi, an ninke an ajiye a kan benci.

Ba irin babur ɗin da ake kai abinci da shi ba ne. Na tseren hamada ne, dogo, mai manyan tankuna, wanda ake kwana bakwai ana fama a kansa cikin rairayin Maroko. Shekara bakwai ta yi tana aikin jinya a asibiti, ran hutu kuma tana koyon faɗuwa a cikin taɓon Ingila, kafin masu gasar su yarda su sa sunanta. Ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe tirela za ta kwashi baburan mahayan ƙasar nan. Wanda nasa bai hau ba, sai ya zauna gida ya yi kallo a waya.

Kafin ƙarfe tara mutanenmu sun cika lungun. Ka gayyace su bikin suna ƙarfe biyu, sai magariba za ka gan su, amma bari a ce wani ya yi asara, ko jirgin ƙasa na tube na yajin aiki za su iso. 'Yan sanda sun zo, sun ba da lambar rahoto, sun tafi. Sauran binciken Hajiya Talatu ta karɓa, mai gidan abinci a Old Kent Road, wadda ba ta taɓa rasa mai laifi ba a rayuwarta.

"Affan ne," in ji ta. "Wa bai san an taɓa kama shi a kan babur ɗin sata ba? Don Allah na ɗauke shi yana min delivery, to ga sakayya."

Wata ta ce a'a, a dai dubi mijin Faridatu. Wane namiji ne zai so matarsa ta shiga daji da ƙarti ɗari biyu?

Faridatu ta kira Almu.

Almu ɗan Maigatari ne, aminin marigayi mahaifinta, kuma ɗan mai bin sawu. Ubansa kan bi raƙumin sata daga bakin kasuwa har cikin Nijar, ya faɗa maka ko ɓarawon gurgu ne, ko a gajiye yake. Shi kuwa ɗan, shekara ashirin da biyu ke nan council, wato ƙaramar hukuma, na sa shi yawo da kai a sunkuye yana neman ramukan titi. Ilimin da ake yanka wa rago a gida, a nan fasasshiyar kwalta yake dubawa. Abin yana masa ciwo, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

"Kawu," ta ce, "kwana huɗu nake da shi. Ba na son a kama kowa. Babur ɗina nake so."

"Ku matsa," ya ce wa taron. "Kun tattake rabin shaidar da takalman sallarku."

A bakin garejin, kan wani bokiti da aka kife, wani dattijo na zaune ya haɗa kai da gwiwa. Abdul-Mumuni ke nan, wanda kowa ke kira Masta, bakanike daga Kumasi, wanda ya koyi sana'a a Magazine, unguwar da ƙarfe ba ya mutuwa. Shi ya haɗa injin babur ɗin da hannunsa. Shi ne kuma ya ba Almu katifa a ƙasan ɗakinsa wata takwas, lokacin da Almu ya sauka Landan ba shi da kowa.

"Sannu, Masta."

"Allah ya isa," in ji Masta, bai ɗago ba.

Almu ya bi lungun. Siminti ba ya magana, amma a gefen katanga akwai wani siririn layin laka da ruwan daren ya bari, kuma tayar babur ɗin mai manyan haƙora ce. Tura shi aka yi, ba a tayar da injin ba, domin tayar baya ba ta watsa laka ba. Taku ashirin gaba akwai fasasshiyar kwalba, sawun ya kauce mata ya dawo. A bakin titi, inda dakali ke da tsayi, an sa guntun katako an saukar da babur a hankali. Kwaɗon da aka yanke ma ba a yar da shi ba, a kan katanga aka ɗora shi.

Akwai kuma wani abu guda a gefen tayar, sawun dunduniyar takalmi ɗaya, wadda aka yi wa faci da robar taya. Almu ya dube ta. Ya ce wa zuciyarsa mutum nawa suka bi ta nan tun safe, ya ɗauke kai. Daga bakin titi kwalta ta haɗiye komai.

"Me ka gani, Kawu?"

"Ɓarawo mai tausayin taya," ya ce. "Ban taɓa ganin irinsa ba."

*

Da azahar hoton Affan ya zaga group ɗin WhatsApp na 'yan arewa, da jan kibiya a kansa. Da la'asar Hajiya Talatu ta karɓe jakar abincinta daga hannunsa. Washegari Almu ya same shi a tashar bas a Old Kent Road, yana zaune ba ya jiran kowace mota. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma a bakin jama'a har gobe shi ne yaron nan da aka taɓa kamawa.

"Kai ma ka zo ka duba tafin ƙafata, Baba Almu?"

"Na zo in tambayi wanda ya san aikin. In kai ne, yaya za ka ɗauke shi?"

Affan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shekara goma sha ɗaya da abin nan. Na yi community service, aikin horon da kotu ta yanke min, na gama. Amma tunda ka tambaya, ba mai turawa. Mutum uku, van, minti biyu, an gama. Kuma wa zai saci wannan? Ba shi da lamba, ba ka hawa titi da shi, irinsa ba su fi goma ba a ƙasar nan. Ka sa shi online yau, gobe police na ƙofarka. Wanda ya ɗauke shi ba sayarwa zai yi ba."

"To me zai yi?"

"Ya hana ta tafiya mana. Ka tambayi wanda ke kwana gida ɗaya da ita." Ya juya wayarsa ya nuna wa Almu hoton. "'Yata ta ga wannan. Ta tambaye ni da Turanci ko ni thief ne. Kalmar Hausar ma ba ta sani ba, amma ta san ubanta ne."

Bas ta zo, Almu ya hau.

*

Mijin Faridatu, Dakta Umar Faruq, likitan ƙashi ne. Almu ya tarar da shi a kicin ranar Talata da yamma yana wanke kofi ɗaya tun ɗazu. Gidan ya yi tsit irin na bayan faɗa.

"Ta sami takarda a durowata," in ji Dakta. "Sunayen mahayan da suka mutu a irin wannan tsere. Ta ce ni ne. Ta ce tun da aka ɗaura mana aure nake jiran ranar da zan karya ta. Malam Almu, a gaban ƙanwata ta faɗa."

"Me ya sa ka tara sunayen matattu?"

"Don in san abin da ke kashe su. Ni nake ɗinke irinsu." Ya ajiye kofin. "Da can injinan manya ne, si-si ɗari shida, ɗari tara, wato girman cikin injin. Mutum na gudun da ko a kwalta hauka ne, sai rami ya fito. Shi ya sa aka rage, aka ce kada ya wuce ɗari huɗu da hamsin. Wallahi wannan dokar ce kaɗai ta sa na iya sa mata albarka. Ban so tafiyar ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma daren Lahadi ina on call a asibiti, mutum shida na iya shaida. Ban da haka, sau ɗaya na taɓa tura babur ɗin nan, ya kayar da ni a kan shukar maƙwabta."

Wannan gaskiya ne, Almu na wurin ranar. Wanda ya kauce wa kwalba da babur mai wannan nauyi ya saba da shi.

"Dokar nan, da gaske suke bin ta?"

"Ai kana nan ranar Lahadi da aka yi mata addu'ar tafiya. Ba ka ji wasiƙar da ta karanta ba? Bana kowane inji za a auna kafin ya hau tirela, a sa masa hatimi. Ko da si-si ɗaya ya wuce, an cire ka, kuma shekara biyu ba ka sake shiga."

Almu ya tuna. Ya tuna an yi dariya, Hajiya Talatu ta ce Bature da awo kamar mai sayar da zinari. Ya kuma tuna wani ya ajiye faranti da nama a kai, ya ce cikinsa ya juya, ya tafi kafin a shafa fatiha. Shekara ashirin da biyu yana cin abinci da mutumin nan, bai taɓa ganin ya bar nama ba.

Ya yi sallama ya fita. Shagon Masta tafiyar minti goma ne daga nan. Almu ya tsaya a mararraba, ya dubi hanyar, ya ce yamma ta yi, ya nufi tasha.

*

Sai ranar Laraba ya je. Shagon na ƙarƙashin gadar jirgi, bayansa kuma fili ne inda Masta ke da kwantena da yake tara tsofaffin kayan mota yana aikawa Ghana. Shagon a buɗe, ba kowa. Daga can baya ana jin kukan injin gurza ƙarfe.

Almu bai kira ba. Ya tsaya yana kallon bencin aiki. Masta mutum ne mai tsafta a sana'a, ba ya ajiye kayan inji a kan katako, sai ya shimfiɗa kwali. Kwalin da ya yi aikin Faridatu a kai na nan, da sunanta a kusurwa. A tsakiyarsa akwai da'ira biyu, inda aka kife fistin, wato ƙarfen nan mai kama da kofi da ke hawa da sauka a cikin silinda. Ɗaya baƙa ce, ta tsohon da aka cire da baƙin mai. Ɗaya ruwan zuma, ta sabon da aka shafa wa mai kafin a sa.

Ga idon kowa girmansu ɗaya. Amma uban Almu ba ya yarda da ido. Ya zari tsinke daga tsintsiyar shagon, ya ɗora a kan baƙar da'irar, ya karya shi daidai faɗinta, kamar yadda ake auna kofaton saniya. Ya mayar da shi kan ɗayar. Tsinken bai kai ba. Saura kaurin farce.

Ya sake aunawa sau uku, yana roƙon Allah ya sa shi ne ya yi kuskuren awo.

"Almu? Yaushe ka zo?"

Masta ne a ƙofar baya, ya rame, garin ƙarfe a hannun rigarsa. Ya tura mukullin kwantena cikin aljihu.

"Yanzu. Aiki kake?"

"Ƙaramin abu. Wani customer."

"Masta, wata biyu da suka wuce na ji kuna maganar silinda ya karce. Sabo ka sa mata?"

Nan take tsohon girman kai ya motsa, kafin tsoro ya riga shi. Hausar Masta ta zangon Kumasi ce, ba ta raba mace da namiji. "Sabo? Yarinyan ya ce in yi order, na ce ya bar min. A Magazine, wanda ya sayi sabo ba fita ba ne, ba bakanike ba ne, ɗan kasuwa ne. Ƙarfe ya karce, ka yi boring, ka faɗaɗa ramin, ka sa fistin wanda ya cika shi. Shekara arba'in..." Ya ga tsinken a hannun Almu.

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Masta ya kama gefen benci.

Almu ya naɗe kwalin ya sa a hammata. "Gobe bayan la'asar, gidan Faridatu. Zan tara mutane. In ka riga ni magana, ba sai na buɗe wannan ba."

"Ka ba ni zuwa gobe da safe. Na kusa gyarawa. Almu, katifana ka kwana."

"Na sani," in ji Almu. "Ita ce ta hana ni zuwa tun Litinin."

A hanya ya kira Dakta, ya ce in an ƙara wa faɗin fistin milimita ɗaya, injin ya zama nawa? Dakta ya duba littafin babur ɗin, ya danna waya, ya ce ɗari huɗu da hamsin da tara. Ya tambayi dalili. Almu ya ce sai gobe.

*

Falon ya cika ranar Alhamis. Hajiya Talatu ta zo da kular abinci, domin ta ɗauka bikin kama Affan za a yi. Affan ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama. Dakta na gefe ɗaya, Faridatu na ɗaya gefen, kujera uku tsakaninsu. Masta ya shigo ƙarshe, ya zauna a ƙasa, an yi an yi ya hau kujera ya ƙi.

Almu ya jira. Ya ba shi lokacin da mutum zai karanta Ƙulhuwallahu goma sha ɗaya. Masta na kallon kafet.

"To," in ji Almu. "Wanda ya ɗauki babur ɗin nan ya ninke bargonsa. Ya kauce wa kwalba, ya sa katako don kada ƙasan injin ya bugi dakali. Affan ba ya son babur ɗin har haka, Dakta kuwa ba ya iya tura shi. Mutum biyu ne a Landan ke lallaɓa shi kamar jariri, kuma ɗaya ita ce mai shi."

Ya shimfiɗa kwalin a kan tebur, ya ɗora tsinken a kan baƙar da'ira, sannan a kan ɗayar. Hajiya Talatu ta leƙo ta ce ita ba ta ga komai ba. Faridatu ta gani. Ta daɗe tana kallon ɗan gibin nan, sannan ta juya a hankali.

"Baba Masta. Ka yi boring?"

"Milimita ɗaya," ya ce da ƙyar. "Ɗaya tak, ɗana."

"Na ce ka yi order sabo."

"Na ga karcen ƙarami ne. A wurinmu haka ake yi. Mota ya sha boring sau uku, sunansa bai canza ba. Four-fifty ne aka saye shi, four-fifty ne a takarda. Ban san Bature zai buɗe ciki ya auna ba, sai ranar Lahadi da ka karanta letter. Na je gida na yi lissafi, na ga ya wuce. Na ce in suka auna, za su ce kai mai cuta ne, su kore ka shekara biyu. Na ce bari in ɗauke shi kwana biyu, in sa masa rigan ƙarfe a cikin silinda, ya koma yadda yake, in mayar, a ce ɓarawo ya ji tsoro ya yar."

"Ka yanke kwaɗon da kake da mukullinsa," in ji Dakta.

"Don kada a gane."

"Aka gane ni," in ji Affan daga ƙofa. Ba wanda ya dube shi.

Faridatu ta miƙe. "Yana ina?"

Suka ɗunguma zuwa filin bayan shago. Masta ya buɗe kwantena. Babur ɗin na tsaye a tsakiyar tsofaffin giyabos, an lulluɓe shi da sabon zane, an goge shi har yana ƙyalli. Injin a buɗe. A kan wani kwalin silindan ne, da tsaga tun daga baki har gindi.

"Da asuba ya fashe," in ji Masta. "Bangon ya yi siriri. Ina danna rigan, sai na ji ƙas."

Garin neman gira an rasa ido. Faridatu ba ta yi kuka ba. Ta ciro waya ta kira dilan da ke kawo kayan irin wannan babur, ta sa a sifika don kowa ya ji. Baturen ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce ba su ajiye irinsa a nan, daga ƙetare yake zuwa, kwana uku na aiki. Ya ce da an yi order ranar Litinin, ko Talata kafin sha biyu, da yanzu yana hannunta. Ta kira masu tirela, suka ce ba sa ɗaukar babur da ba a auna ba, ba sa kuma jiran kowa. Ta kira mahaya biyu da ta sani ko suna da na ajiya. Ɗaya ba shi da shi, ɗaya ya riga ya tura nasa gaba.

Ta kashe wayar, ta tsuguna a gaban dattijon, domin ko a lokacin ba ta iya yi masa magana a tsaye ba.

"Baba, ranar Litinin kana zaune a kan bokiti a ƙofar garejina. Ina kuka, kana cewa Allah ya isa. Da ka ce min, Faridatu, na yi kuskure, wallahi da na ce ba komai, mu yi order. Minti biyar. Kuskuren bai kai komai ba."

"Na ji kunya. Shekara arba'in ba a taɓa dawo min da aiki ba."

"Ni kuma shekara bakwai. Ka auna su ka ga taka ta fi nauyi."

Ta miƙe, ta je ta tsaya kusa da mijinta. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce, "Bari, mu je gida." Bai kama hannunta ba. Magana zarar bunu ce, kuma tata ta riga ta fita tun Talata.

Hajiya Talatu ta gyara mayafi ta ce ita dama tun farko jikinta ya ba ta na gida ne. Ta ce wa Affan ya zo gobe ya ɗauki jakarsa. Affan ya ce ta riƙe, ta kuma sa hoton Masta a group da jan kibiya in ta isa. Ba ta sa ba. Nasa hoton ma ba wanda ya goge.

*

Tirela ta tashi ranar Juma'a ƙarfe goma da minti huɗu. Dakta ya yi order ɗin duk da haka, domin bai san wani abin da zai yi da hannunsa ba. Akwatin ya iso ranar Talata.

Ranar ne aiki ya bi da Almu ta layin su Faridatu, da rigarsa mai ƙyalli da gwangwanin fentin da yake zagaye ramuka da shi. An yi ruwa da safe. A ɗan filin gaban gidan Faridatu, inda ciyawa ta mutu, ya ga sawu. Dunduniya mai facin robar taya. Ta shigo daga titi da gajeren taku, ta tsaya taku biyu kafin ƙofa. Nan ta nutse sosai, kamar yadda ƙasa ke yi in mutum ya daɗe a tsaye yana sauya ƙafa. Sannan ta juya.

Faridatu ta buɗe ƙofa da kayan aiki a jikinta. Akwatin na bayanta a ƙasan bene, ko tef ɗinsa ba a yanke ba.

"Kawu, shigo ka sha shayi."

"Ina kan aiki." Ya nuna ƙasa da baki. "Ya zo."

"Wa?"

"Masta. Bayan ruwa ya ɗauke. Ya tsaya a nan, ya daɗe, ya koma bai ƙwanƙwasa ba."

Ta dubi lakar. Ita ba ta ga komai ba sai laka.

"Haka ya yi ranar Litinin," ta ce. Sannan ta ɗago ta dube shi da idon mai jinya, wanda ya saba gane ciwon da ake ɓoyewa. "Kawu, kai da ka gane takalminsa yanzu daga titi, ko tsugunawa ba ka yi ba. Ranar nan a lungu, ba ka ga sawun kowa ba?"

Ubansa ya sha faɗa masa cewa bin sawu ba wuya, wuyar ita ce yakan ƙare a ƙofar wanda ka sani. Almu ya ɗauka ya fahimci maganar tun yana yaro. Yana iya cewa mutane sun tattake wurin. Gaskiya ce ma, kuma za ta yarda.

"Na gani," ya ce.

"Yaushe?"

"Litinin. Kafin ƙarfe goma."

Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata sakamakon gwajin da ta riga ta sani, ta ce, "Allah ya huta gajiya, Kawu," ta rufe ƙofa a hankali.

Almu ya tsaya taku biyu kafin ƙofar. Da ya sunkuyar da kai, sai ya ga ƙafafunsa a cikin sawun Masta, daidai wa daida.